Injin Yanka a Gidan Mahauci

Duk wanda ya zauna a unguwar Abena a farkon shekarun dubu biyu ya san wutar lantarki ba ta da alƙawari da kowa. Ta zo da hantsi ta tafi kafin ruwan shayi ya tafasa, ko ta yi kwanaki ba a ga ƙeyarta ba. Don haka kowane gida da dabararsa ta sanin zuwanta. Wasu rediyo suke bari a kunne, wasu fanka. Lauratu kuwa injinta take bari, domin muryar rediyo ba ta kaiwa bakin famfon unguwa, amma injin nan in ya tashi har maƙwabta sai sun san kuran ya dawo, kamar yadda ake kiran wutar a garin.

Injin yanka ne na Turai, fari, ya sha jiki. Yayanta Inusa ne ya tsinto shi cikin kayan gwanjon da yake sayarwa a kasuwar Dembé, ya gyara ya kawo mata kyauta. Gefe ɗaya faifan ƙarfe ne mai kaifi da ke juyawa cikin murfi, a tura masa nama ko dankali ya zubo su falle-falle. Ɗaya gefen kuma mazurari ne, a cusa albasa ko karas ko kabeji a danna da itace, su fito ta ƙasa a gurje kamar zare. Aikin da mata huɗu ke yi tun safe suna hawayen albasa, Lauratu sai ta gama shi kafin shinkafa ta tsotse. Ba a jima ba duk mai suna ko walima a unguwar sai ta turo kwanduna gidanta, har matan unguwar Klémat masu sayar da burodi da haɗi suka ji labari.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yi wa injin kallon arziki ba, shi ne mijinta Abdulmutallib. Mahauci ne ɗan mahauci, kuma a yankan kilishi ba a haɗa shi da kowa. Zai ɗauki tsoka guda ya dinga warware ta da wuƙa kamar mai warware rawani, har ta zama shimfiɗa ɗaya da ake hango hasken rana ta cikinta. Mutum irin wannan ne za ka ajiye wa ƙarfe mai ihu a tsakar gida ka ce masa wuƙa ce? Ya raɗa masa suna wuƙar ragwaye. A rumfar mahauta, gaban ƙaninsa Salim da yaransu, ya rantse da girman Allah hannunsa ba zai taɓa abin nan ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Ba wanda ya nemi rantsuwar a wurinsa, shi ya ɗora wa kansa, kuma mahauta ba su da mantuwa.

Wata Alhamis ce cikin bazara, irin zafin da ke sa ƙadangare neman inuwa. An kawo wa Lauratu cinyar sa da kwandon albasa na sunan da za a yi washegari. Wuta ta zo da hantsi, ta gurje albasar tas, ta juya kan naman. Nan faifan ya fara ba ta kunya. Ya dakushe, maimakon ya yanka sai ya riƙa jan naman yana yagawa, injin na gurnani kamar an shaƙe shi.

Abdulmutallib na zaune gindin darbejiya yana shan fura, bai fita da wuri ba ranar. Duk lokacin da faifan ya ja nama sai ya yamutsa fuska kamar a jikinsa ake yi.

"Wannan ba yanka ba ne, tauna ce," ya ce.

Lauratu ta yi dariya tana share gumi da gefen zane. "Abin kunya dai, Baban Lubna. Gidan mahauci guda a rasa mai wasa wuƙa."

Ya ja tsaki ya kau da kai. Bai rufe baki ba wutar ta ɗauke, faifan ya yi juyinsa na ƙarshe ya tsaya. Lauratu ta rufe naman da faranti saboda ƙuda, ta bar makunnin yadda yake kamar kullum, ta ɗauki bokiti ta nufi famfo.

Tana kan layi ita da maƙwabciyarta Delu sai ta ji injin ya tashi. Yara suka kaure da ihun kuran ya dawo, ita ma har ta yi murmushi ta sunkuya za ta ɗauki bokitinta. Sai ƙarar ta sauya, ta yi wani irin karo kamar an jefa ƙashi a turmi, sannan wata murya ta biyo baya. Ta girma tana jin kukan shanu a mayanka, amma ba ta taɓa jin ɗan Adam ya yi irinsa ba, kuma ta gane muryar tun kafin ta yarda ta gane ta. Ta yar da bokitin ta ruga.

Bangon madafa ya yi ja har sama. Faifan na ta juyawa yana feshin jini a kan tukwane, a kan albasar suna, a kan kajin da ke gudu suna kyarkyara. Abdulmutallib na durƙushe ya matse hannun dama tsakanin cinyoyinsa, jini na tsartuwa ta tsakanin yatsun hagu. Ta fizge wayar daga bango da ƙarfin da ya sa har siminti ya zubo. Ta ɓamɓare hannun don ta gani. Babban yatsa babu shi, manuni babu shi, na tsakiya yana lilo da 'yar fata. Ta cire ɗankwalinta ta ɗaure masa dantse, ta sa haƙori ta ja ƙullin, tana kiran sunan Allah tana kiran nasa sunan da ba ta taɓa kamawa a gabansa ba.

Kan ka ce kwabo gida ya cika. Wani ya garzaya rumfar mahauta, sai ga Salim a kan babur da yaransu a baya, ko rigar aiki bai cire ba. Salim yaro ne mai fara'a, shi da Lauratu kullum cikin tsokanar juna suke irin ta ƙanin miji da matar wa, amma akwai shi da zuciya, kuma yayansa ne ya rene shi tun rasuwar mahaifinsu. Ya zube gabansa ya tallafo kansa.

"Yaya! Yaya, me ya faru? Yaya aka yi?"

Abdulmutallib ya buɗe ido. Ya dubi Salim, ya dubi yaran rumfa da suka yi cirko-cirko a kansa, waɗanda a gabansu ya yi rantsuwa. Leɓensa ya yi fari fat.

"Wucewa nake," ya ce da ƙyar. "Na dafa teburin. A kashe yake, Salim. Da kansa ya tashi."

Lauratu ta buɗe baki za ta ce ita ta bar shi a kunne, amma wa ke sauraronta? An kawo tasi, an cicciɓi mutum, wani dattijo na ce mata ta haɗo tabarma da buta da kaya ta biyo su labtan, wato asibiti. Abin da ta gani na ƙarshe shi ne Salim tsaye yana kallon injin, yana cewa a hankali, "Injin Inusa."

Da gidan ya watse sai ta samo farin ƙyalle ta shiga neman yatsun, don ba a barin naman ɗan Adam ga kaji. Ɗaya yana cikin faranti tare da naman suna. Ɗayan ya faɗa ƙarƙashin tebur, ta durƙusa ta miƙa hannu, sai hannunta ya taɓa wani abu mai sanyi da santsi. Dutsen wasa wuƙa ne, baƙi, wanda tsakiyarsa ta lotsa don tsufa. Na mahaifinsu ne, Abdulmutallib ba ya barin ko Salim ya ɗauka. Kusa da shi ga gwangwanin ruwa ya kife. A kan tebur kuma, bayan injin, ga murfin faifan an kwance shi an ajiye, an jera ƙusoshinsa a tsanake kamar yadda yake jera wuƙaƙensa.

Ta zauna daɓas a cikin jinin. Ashe da ya ga ta fita, ya ga babu wuta babu idon kowa, kunnensa na mahauci ya kasa haƙuri da dakusasshen ƙarfe. Ya so ya wasa mata faifan a ɓoye, ta dawo ta tarar yana yanka, shi kuma ya ci gaba da zagin wuƙar ragwaye. Tausayinsa ya kama ta, ta ji ba ta taɓa son mutumin nan kamar yanzu ba. Ta ƙudurta a ranta ko za a yanka ta ba mai jin wannan magana daga bakinta. Ta ƙulle dutsen a haɓar zaninta don kada wani ya gani.

Sai ga Delu ta faɗo gidan ba sallama, mayafi a hannu.

"Lauratu, tashi! Salim bai bi su labtan ba. Ya koma rumfa ya ɗauki adda, shi da yara uku, sun yi Dembé. Yana rantsuwa sai ya cire hannun da ya gyara injin nan."

Ba ta san ta fito ba takalmi ba sai da kwalta ta ƙone ta. Ta tare ɗan kalando, wato ɗan acaɓa, ta haye babur ɗinsa, ba ɗankwali, jini har gwiwar hannu. Mutumin ya waiwayo ya dube ta sau ɗaya, bai tambayi komai ba ya murɗa.

Layin 'yan gwanjo a Dembé ba ya rabo da hayaniya, amma ta ranar daban ce, tun daga bakin titi ta ji ta. Mata na tattara tumatir suna gudu, wasu kuma, irin mutanen da ba sa ƙin kallon masifar wani, suna turereniyar shiga. Rumfar Inusa ta zama kango. An kifar da firji, an farfasa talabijin, fankoki sun lanƙwashe a ƙasa, gilashi ko'ina. Can gefe 'yan kasuwa sun fara taruwa da sanduna da guntayen rodi, amma addar da ke hannun Salim ta hana kowa matsowa.

Inusa kuwa an yi masa dukan kawo wuƙa. Mutum ne siriri mai tabarau, wanda ko kaza ba ya iya yankawa sai ya kira maƙwabci. Tabarau ɗin ya tafi, ido ɗaya ya rufe, bakinsa na zubar da jini da guntayen haƙora. Yaran sun ja shi zuwa bencin da yake gyare-gyare a kai, ɗaya ya danne masa wuya da gwiwa, biyu sun miƙar da hannunsa na dama a kan katako kamar yadda suke miƙar da ƙafar rago. Yana ta magiya, da Hausa da Larabcin da ake yi a garin, yana tambayar abin da ya yi.

"Ka kawo wa gidanmu mutuwa, ka ce me ka yi?" Salim ya daka masa tsawa. "Inji a kashe ya tashi ya cinye hannun Yaya! Kai ma yau ka ci abinci da hagu."

Lauratu ta kutsa ta tsakanin mutane, gilashi na yanka tafin ƙafarta, ta faɗa kan hannun yayanta ta rufe shi da ƙirjinta.

"Matar Yaya, tashi," in ji Salim. Idanunsa sun kaɗa sun yi jawur, kuma kuka yake yi bai sani ba.

"Salim, don girman Allah ka saurare ni. Ba a kashe yake ba. Ni na bar shi a kunne, kullum haka nake yi in kuran ya tafi, tambayi Delu, tambayi kowa a Abena. In hannu kake so ga nawa."

"Ƙarya kike yi don ɗan'uwanki! Yaya da bakinsa ya ce a kashe yake. Yaya zai yi ƙarya ne?"

"Ka kashe ni, ba zan tashi ba."

Ya damƙi gashinta ya fizge ta ya yi jifa da ita. Bayanta ya daki firjin da ke kife, bakinta ya haɗu da ƙarfe, ta ji gishirin jini ya cika mata harshe. Da ta ɗago, Salim ya riga ya gyara tsayuwa. Ta san tsayuwar nan, ta sha ganin mijinta ya yi ta a gaban ƙashin sa: ƙafar hagu gaba, kafaɗa ta sauka, ido a kan gaɓa. Mahauci ba ya sara sau biyu. Inusa ya daina magiya, ya rufe idon da ya rage yana salati.

Hannunta ya kai ga haɓar zani. Ta san abin da za ta kashe in ta kwance ƙullin nan, ta san shi sarai, kuma ta kwance. Ta wurga dutsen ya faɗi a kan bencin, dab da yatsun Inusa.

"Dutsen wa ne wannan, Salim?"

Addar ta tsaya a sama.

"A ƙarƙashin teburin na tsince shi, cikin jininsa. Ya kwance murfin da hannunsa. Wasa faifan yake yi! Yayanka wasa mini injin yake yi wuta ta dawo!"

Ta faɗe shi da ƙarfi don kada ya ce bai ji ba, kuma duk layin ya ji. Salim ya zura wa dutsen ido. Yaran suka saki hannun Inusa ɗaya bayan ɗaya, suna satar kallon juna, su da suka ji rantsuwar da kunnensu.

Da a nan abin ya tsaya da an gode Allah. Amma kasuwa ba ta rasa ɗan iska. Wani matashi mai sayar da kaset ya juya maganar zuwa Larabci don waɗanda ba su ji ba, har da ƙarin gishiri: babban mahaucin nan mai zagin inji, ashe shi ke yi wa injin matarsa bauta a ɓoye. Wani ya tuntsire da dariya, wani ya kama, dariyar ta bi layin kamar wutar kara.

Salim ya yi wani irin kuka ya kafta addar a bencin har ta nutse, ya bar ta nan ya yi tsalle kan mai kaset. Ya kama kan matashin ya haɗa da ginshiƙin rumfa, ya sake haɗawa. Su kuma 'yan kasuwa da ma abin da suke jira ke nan, tunda adda ta bar hannu. Rodi ya sauka a ƙeyar Salim, sanduna suka rufe yaran, mahautan da suka biyo baya suka shigo da nasu, wuri ya kacame ba a san na wa ke dukan na wa ba. Lauratu ta ja yayanta da rarrafe ta tura shi ƙarƙashin benci ta kwanta a kansa. Ƙafafu na tattaka bayanta, wani ya faɗo kanta da fasasshen kai ya mirgina. Haka suka zauna har jandarmomi suka iso suka yi harbi sama, kowa ya ranta a na kare.

Bayan la'asar aka gama ɗinke mata leɓe da tafin ƙafa a labtan. Inusa na wani ɗaki da karyayyun haƙarƙari, an tafi da Salim da kai a naɗe cikin motar jandarmomi. Ta ari mayafi wurin wata mai jinya, ta ɗingisa zuwa ɗakin da mijinta yake.

Labari ya riga ta isa. Ta gane haka tun daga ƙofa, don dattawan mahauta da ke zaune a bakin gadon sun tashi sun fita ba wanda ya amsa sallamarta. Abdulmutallib na kwance, hannun a naɗe da farin bandeji kamar kan taɓarya, an ɗora shi a kan matashi. Likita ya cire yatsan tsakiyan ma. Leɓensa ya bushe ya tsattsage.

Ta zuba ruwa a kofi, ta tallafo kansa ta kai masa baki. Ya sha, ya sha, har ya shanye, ta ƙara masa ya sha rabi. Ta goge masa gemu da gefen mayafin.

"Kin faɗa musu," ya ce, idonsa na kan rufin ɗaki.

"Na faɗa."

"A tsakiyar Dembé."

"Ya ɗaga addar, Baban Lubna. Na fara da nawa laifin, na ce ni na bar shi a kunne, na ba shi hannuna. Bai karɓa ba."

"Naki ba wanda zai yi wa dariya."

Gaskiya ya faɗa. Ta so ta ce masa ta ga yadda ya jera ƙusoshin, ta san don ita ya yi, kuma ba a taɓa yi mata abin da ya kai wannan ba. Amma ta san mutumin da take aure, wannan maganar ita za ta fi yi masa ciwo.

"Hannu ya tafi, na ce to, haka Allah ya so," ya ce. "Da sauran abin da zan shiga rumfa da shi ko ba hannu. Shi ma kin cire." Ya juya fuska ga bango. "Ki tafi gidanku, Lauratu. Na sawwaƙe miki."

Ta tsaya da kofin a hannu. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙe shi ba. Ta matso da buta inda hannun hagunsa zai kai, ta gyara matashin da ke ƙarƙashin bandejin don ya zame, ta fita.

Inusa na kwance an naɗe masa ƙirji, fuskar ta kumbura har ba a gane shi. Ta zauna a ƙasa gefen gadon ta kamo hannunsa na dama. Ya kumbura, ya yi baƙi inda aka danne, farce ɗaya ya fita, amma yatsun na nan duka biyar, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da nata. Ya buɗe idon da ke buɗuwa ya dube ta, ya motsa fasasshen bakinsa, sai da ta kai kunne ta ji abin da yake cewa.

"Yaya hannun mijinki? Za su iya ɗinkewa?"

Ta kifa goshinta a tafin hannunsa, kukan da ta riƙe tun hantsi ya ƙwace mata.